Tokar da na zuba wa injin wanke-wanke

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar ƙanwar mijina ba, ranar da injin wanke-wanke ya kunyata ni a gaban dangin miji kaf. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, ni na fara cutar sa.

Yayana ne ya aiko min da injin daga Abuja. A duk unguwarmu ta Yindiski ban san wata mai irinsa ba, don haka kaina ya kumbura. Duk baƙuwar da ta shigo sai na ja ta kicin, ko ruwa ba ta sha ba. Takardar bayanin da ta zo da shi kuwa na jefa a durowa (ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, me takarda za ta gaya min?).

Sati biyu kafin suna, farantai suka fara fitowa da maiƙo. Na yi tunani irin na masu ilimi: me ke cin maiƙo a gidanmu tun muna yara? Toka. Sai na riƙa barbaɗa masa hannu guda a kowane wanki.

A gidana aka yi girkin suna. Surukata, Inna, Bafulatana ce da ta yi rabin rayuwarta a ruga kafin su dawo gari, kuma tun da aka kawo ni nake neman ranar da za ta ce na iya wani abu. Da mata suka gama cin farfesun kayan ciki, aka fara jawo baho za a zauna wanke-wanke kamar yadda aka saba. Na tare su.

"Ku huta, don Allah. Inji zai yi."

Inna ta ce, "Malama, baƙin Maiduguri na zaure. Da farantan nan za a kai musu abinci fa."

"Kafin a idar da la'asar sun fito, Inna."

Na jibga su ciki, wani kan wani, ko ƙasusuwa ban kwashe ba. Na ƙara toka hannu biyu, saboda taro.

Aka idar da salla, mata suka cika kicin suna jiran ganin abin mamaki. Na buɗe. Wari ne ya fara fitowa, sannan wani ruwa baƙi-baƙi ya gangaro kan ƙafafuna. Farantan kuwa kitse ya lulluɓe su kamar an shafa musu man kaɗanya. Wata gwaggon mijina ta leƙo ta ce, "Ikon Allah, miya ya dafa?" Aka fashe da dariya. Wallahi na ji kunya, har hawaye suka cika min ido.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sa aka jawo bahon, mata suka hau wanki, nan da nan aka fita da abincin baƙi. Ita kuma ta durƙusa gaban injin ta zura hannu ƙasa.

"Ruwan nan ta ina yake fita?"

Ban sani ba. Ta lalubo wani abu ta murɗa, sai ga wata 'yar rariya ta fito, cunkushe da toka da kitse da ɓawon albasa. Wata huɗu ina da injin, ban san da zamanta ba. Ta wanke ta da ruwan zafi, ta karyo tsinken tsintsiya ta bi ƙofofin fankar da ke fesa ruwa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ko matacin nono, in ba ki wanke shi ba, ba ya tacewa," in ji ta. "Gobe ki ɗauko takardar ki karanta min, mu gani tare."

Washegari ta zo. Ina karantawa tana jera farantan a tsaye, kowanne da ratarsa, muka sa sabulun da aka yi don injin. Suka fito tas. Ta ɗaga ɗaya ta duba a haske, ta ce, "To, yanzu kin iya."

Shekara shida ina jiran wannan kalma, ashe sai ruwan farfesu ya wanke min ƙafa a gaban jama'a zan same ta. Yanzu duk Juma'a nake wanke rariyar nan. Toka kuwa na bar wa tukunya.