Ranar da Na Goge Tsibirin Mista Han

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Mista Han ba, kuma duk lokacin da na tuna haushin kaina nake ji. Lokacin korona ne, a ofishinmu na unguwar Bin Mahmud, can ƙasar waje inda muke aiki. Ni aka ɗora wa kula da tsafta, sai abin ya hau mini kai. Kullum cikin faɗa nake, kwalbar sanitaiza a hannu (har Injiniya Sabo, ɗan garinmu, ya fara kirana Duba-gari).

Ran nan na shigo rai a ɓace, don na tarar da kofuna ba a wanke ba. Sai idona ya faɗa kan taswirar Koriya da ke manne a bangon Mista Han, abokin aikinmu ɗan can. A tsakiyar teku ga wani ɗigo baƙi.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wace irin ƙazanta ce wannan? Annoba na kashe mutane, ku kuna kiwon kashin ƙuda!"

Na fesa, na dirje da tsumma. Ɗigon ya narke, takardar ta huje.

Mista Han ya miƙe a hankali, kunnuwansa jawur. Ya ce, "Garinmu ne."

Ashe tsibirinsu ne. Don ƙanƙantarsa masu taswirar ba su sa shi ba, mahaifiyarsa ce ta ɗiga shi da biro ranar da zai taho. Dutse ne da 'yar gaɓar masunta, jirgin ruwa ba ya zuwa sai teku ta lafa. Matasa duk sun tafi birni, an rufe makaranta. Ga korona ta hana shi zuwa ganin tsohuwar.

Maimakon in yi shiru (bakin nan nawa!), sai na ce, "To, mutum nawa ne ma a ciki?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ba su kai mutanen benen da kuke zaune a unguwar Mansura ba. Amma kowa na da suna."

Sabo ya raɗa mini, "Halas, ya isa haka, Malam, ajiye tsumman."

Na sayo sabuwar taswira, ya ƙi karɓa. Bai sake mini fuska ba sai da aka zo gasar Kofin Duniya, na raka shi kallon wasan Koriya, na yi ta ihu har muryata ta dushe. Shi ma ɗin murmushi kawai na samu.

Yanzu ko ƙuda na gani da idona ya yi kashi a allo, sai na tambaya ko garin wani ne.