Ango a Kan Katanga

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren matata Falmata ba, kuma ko na so mantawa, danginta ba za su bari ba.

Lokacin Maiduguri ta yi wata da watanni babu wuta, tun da aka fasa turakun da ke kawo mana lantarki. Ni kuwa haɗa sola ce sana'ata, sai na ƙudura cewa gidan da na kama a Bulumkutu zai zama abin kwatance. Na jera farantan sola a rufi, na sa batura, na kafa rawuta, na'urar da ke raba intanet, a falo na haɗa mata komai. Fitila daga waya, fanka daga waya, injin ruwa ya tashi da kansa da safe ya cika tanki. Ƙofar gida na sa mata makullin lantarki, katanga kuma na bi ta da na'urar da ke tayar da jiniya in an haura. (Lefe ma bai ci mini tunani haka ba.)

Ana gobe jere, Hajja Bintu, gwaggon Falmata wadda ta riƙe ta, ta kira ta ce in aiko da makulli.

Na ce, "Hajja, ba sai da makulli ba. Kuna isowa ku kira ni, daga shago zan buɗe muku."

Ta ce, "To, ɗana. Allah ya kai mu."

Sha ɗaya na safe ta kira. Na danna waya ina murmushi. Shiru. Na sake dannawa, na fita bakin titi, na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Ta sake kira, na ce minti biyu. A kira na huɗu na tare keke napep. A shingen bincike muka tarar da layi, ina zaune zufa na bin bayana, waya na ta ruri a aljihu na kasa ɗauka.

Na iske mata kusan ashirin sun raɓe a inuwar dalbejiyar maƙwabci, ga a-kori-kura shaƙe da gado da katifa da kwanuka a rana. Na tsaya jikin ƙofa na yi ta danne-danne. Babu alamar rawuta. Makullin hannu da ya zo da na'urar kuwa yana cikin durowa, a ɗakin kwana, inda na ajiye shi don kada ya ɓata.

Sai na taka motar kaya, na taka katifar amarya, na kama katanga. Ƙafata ɗaya na tsallakawa jiniya ta ɗauka. (Ita kaɗai na sa wa batirinta daban. A nan dai aikina ya yi kyau.)

Wanda bai zauna garin nan a shekarun tashin hankali ba, zai ɗauka abin dariya ne. Masu shaguna suka ja ƙofofi. Wata mata ta suri ɗanta ta zubar da takalmi. Cikin 'yan jere akwai wata tsohuwa da ta taɓa gudowa daga ƙauyensu a ƙafa, ta zube ƙasa tana salati. Kafin in sauko 'yan sintirin unguwa sun iso da gorori, wandona kuma ya maƙale a ƙarfen katanga ya yage har cinya.

Babbansu ya ce, "Kada ka motsa. Kai wane ne?"

"Gidana ne, yallaɓai."

"Mai gida ne ke haura katanga?" Ya juya ga mutanen da suka fara leƙowa. "Akwai wanda ya san shi?"

Babu. Wata biyu ina shige da fice da wayoyi da tsani, ban taɓa tsayawa na gaisa da kowa ba.

Hajja Bintu ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta ɗaga tsohuwar, ta ba ta ruwa, ta gyara lafayarta, sannan ta tako.

"Ku bar shi, surukina ne. Injiniya ne. Daga shago yake buɗe ƙofa."

Wani ya fara dariya, sauran suka kama. Da na dira ciki na tarar tsakar gida ta zama tafki. Injin ruwa ya tashi tun safe ya ƙi tsayawa, ya zuƙe batura, rawuta da makulli suka mutu tare. Na ɗauko makullin hannu na buɗe ƙofa. Haka aka shigar da kayan amarya ana tattare zani, ni ina tsaye da tsintsiya ina korar ruwa, na ɗaura zanin gado a ƙugu.

Washegari na bi layin gida-gida ina ba da haƙuri, na kuma je har Gomari wajen tsohuwar nan. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Ɗana, mun ji ƙara ta ishe mu." Wannan ta fi yagewar wandon ciwo.

Har yau ina haɗa wa mutane irin wannan tsari, na kuma ƙware. Amma in na gama, sai na ga mai gida ya sa makullin hannu a aljihunsa da idona, sannan in tambaye shi ko maƙwabtansa za su gane fuskarsa daga ƙasan katanga.