Jidda Kusa, Dogon Kiriya Nesa

Maƙwabcina Rabo ya dawo gida ranar Talata da taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ba ya ko amsa sannu.

Ga abin da ya faru. Tsohonsa, Malam Jibrilla, ya je Makka bana. Mu nan Dogon Kiriya kuwa mun yarda cewa wanda ya fara kama hannun alhaji ranar da ya sauka, addu'ar da ke bakinsa da sauran ɗuminta, tasa ce. Rabo shi ne ɗan fari, shekara guda yana kwana yana tashi da wannan buri. Luƙman mai shagon waya ya ce masa wannan bidi'a ce, amma duk da haka ya latsa wayarsa ya duba masa: daga filin jirgin Jidda zuwa na Yamai kilomita dubu huɗu da ɗoriya, tafiyar awa shida. Rabo ya yi dariya, ya ce to shi da zai tashi tun ana gobe, har shayi zai sha a Yamai kafin jirgin ya ɗaga daga Jidda.

Ya manta damina ta faɗi. Motar tasha ba ta tashi ba sai da ta cika, da ta cika kuma direba ya tafi neman isansi, wato man mota. Kafin Matankari kori, rafin nan na damina, ya kawo ruwa, motar ta nutse har ƙofa, fasinjoji suka koma 'yan turi. A nan suka kwana. Tsoho ya ƙetare teku, ya ƙetare ƙasashen da Rabo bai san sunansu ba, ya sauka, ya hau bas, ɗansa kuwa ya bar motar a taɓo yana fama da amalanken shanu. Wallahi na ji tausayinsa, ko da yake sai da na yi dariya tukuna.

Ni fa ban ga laifin manyanmu ba, Allah ya ƙara musu lafiya. Ranka ya daɗe Sarkin Aza Tubali da Mai Girma Uban Alkawari ta tagar jirgi suke duba ƙasa, daga can sama kuwa kowace hanya sumul take. In suka ce a rediyo ƙasa ta zama tafin hannu, gaskiyarsu ce. Wanda ke bisa doki bai san ƙasa da zafi ba.

A tashar Dogon Dutsi, tun bai kai Yamai ba, Rabo ya iske tsohon zaune bisa jakarsa, har ya yi sallar la'asar. Ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu, ya tambaya ko akwai wanda ya riga shi.

"An riga ka, ɗana," in ji Alhaji. "Wani babba na, da babbar riga da masu hoto, shi at tsaye bakin matakalar jirgi. Shi yak kama hannuna."

Rabo ya tambayi addu'ar da aka yi wa mutumin.

"Ce mai na yi, Allah shi sawwaƙe mai hanya."

Hawaye suka zubo wa Rabo a gaban mutane, ƙato da gemu. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai, addu'ar nan an kai ta inda ba a buƙatarta. Mutumin bai taɓa tura mota ba.