Yadda Za Ki Burge Uwar Miji da Ɗinkin da Ba Naki Ba

Ke da ba ki iya zura zare a allura ba, amma kina so a kira ki gwanar ɗinki kafin ganye ya gama zuba, matso nan. Matakai shida ne, kuma na ba ki tabbaci suna ci. Maƙwabciyata Rhonda ta bi su bara a nan garinmu na Wisconsin, a Amurka, ga shi yau ba ta da lokacin gaisuwa.

Shekararta goma sha ɗaya da auren Dwayne. Duk Asabar ɗin ƙarshen Oktoba uwar mijinta, Bernadette, kan tara dangi cin abincin Halowin, bikin nan na kabewa da dodanni, kowace mace ta zo da aikin hannunta. Masu ɗinki su zauna babban tebur kusa da tsohuwa. Rhonda kuwa farantan takarda ake ce ta kawo, a tura ta teburin yara tana share musu majina. Kujera ɗaya take nema a babban tebur, shi ke nan.

1. Sayi kayan aiki, kada ki taɓa su

Zare ruwan lemo, baƙin zare, allurai, almakashi. Baza su a falo inda mai shigowa zai yi tuntuɓe da su. Masana sun tabbatar rabin ɗinki sayen zare ne.

Dwayne ya dawo daga aiki ya tsaya yana kallo.

"Ke da maɓallin rigata yake jiranki tun bikin Ista?"

"Kai dai ka zuba ido."

Kada ki saurari miji. Mutumin da bai san inda safarsa take ba, me ya sani game da fasaha?

2. Tafi shagon gwanjo, amma na nesa

Kada ki kuskura ki shiga na garinku, matan coci ne ke tsare shi. Rhonda ta tsallake garuruwa biyu. Can ƙarƙashin tarin labule ta tono shimfiɗar tebur ta ɗinkin hannu: kabewa a kowace kusurwa, baƙar mage, jemagu a jere, ganyaye kamar yanzu suka faɗo. Ta rungume ta har mota tana waige-waige kamar wadda ta saci kaza.

3. Ɓatar da sawu

Masu ɗinkin kirki kan sa haruffan sunansu a gefe. Tsince su. Kada ki ɓata lokaci wajen karantawa, ita ma Rhonda ba ta karanta ba. Sannan ki naɗe yatsu uku da filasta, ki riƙa dafe wuya kina nishi a gaban jama'a. Idan an tambaye ki, ki ce, "Kayya, bari kawai."

4. Shiga da sanyin jiki

Ranar taro kada ki ɗaga murya. Ki ajiye aikin kamar ba komai ba, ki ce ɗan gwaji ne. Haka Rhonda ta yi, falo ya ɗauka. Gwaggwanni suka ajiye kofunan ruwan tuffa suna shafa kabewa suna salati irin nasu. Gwen kaɗai, autar Bernadette kuma 'yar lelenta, ta kalli shimfiɗar sau ɗaya, ta ce bari ta duba kek a kicin. Rhonda ta ce a ranta hassada ce, daɗi ya kashe ta.

5. Kada ki bar tsohuwa ta juya shi

Nan ne hatsarin. Wawa ke kallon fuskar ɗinki. Gwanaye baya suke dubawa, inda ake ɓoye bakin zare. Ki zauna a kansa, ki zubar da miya, ki suma in ta kama. Rhonda ta tsaya washe baki, Bernadette ta sa tabarau ta juya gefe. Ta daɗe tana kallo.

"'Yar nan, wata nawa kika yi a kansa?"

"Uku, Mama."

"Ni bakwai na yi."

Tsohuwa ta shafa bayan aikin da yatsa.

"A bakin gadon mahaifin Dwayne na ɗinka shi, a asibiti, shekarar da ya rasu. Na ba Gwen ranar aurenta." Ta ɗago ta dubi Rhonda. "Wane shago?"

Wallahi na tsani ƙaryar Rhonda, amma a nan ta ba ni tausayi. Ta faɗi sunan garin. Daga kicin aka ji ƙofar baya ta rufe, sai ƙarar motar Gwen.

6. Karɓi nasararki

Bernadette ta shimfiɗa abinta a babban tebur da hannunta, ta gyara kusurwoyi.

"Ke ko ba komai kin ga ya isa a ɗauko. Zauna nan."

Rhonda ta zauna dama da ita. Tsohuwa ba ta ci ko loma ba.

Yanzu duk Laraba da Asabar Rhonda tana gidan, ana koya mata ɗinki daga tushe. Ta ɗinka layi ɗaya, tsohuwa ta juya, ta warware, ta ce a sake. Filastar yatsunta ta zama ta gaske.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ta da alhakin tsinin allura, ciwon wuya, ko 'ya da uwa da suka shekara ba sa ɗaga wa juna waya. Kujera na yi alkawari, kuma an samu. Ban ce za a ƙaro sabuwa ba. Ta Gwen ce, kuma duk wanda ke teburin ya sani.