Tafintan Hunkuyi da Direban Kumasi

Jama'a, ranar kasuwar Hunkuyi da ta wuce na yi abin kunyar da ko kare ba zai ci ba, kuma gara ku ji daga bakina.

Tun hantsi muke layin kananzir, kowa da kwalbarsa. Wata uku ke nan ana ce mana gobe. Mai rabon shi ne Rankashidaɗe Uban Tebur, wanda aka tura Ingila kwas na mako shida don ya koyo dabarar rabon kananzir. Allah ya ƙara masa ilimi, ya dawo mana da malafar Turawa da cokali mai yatsu. Kullum huɗubarsa ɗaya ce: "Yanzu duniya gida ɗaya ce. Wanda bai hau jirgin ruwa ba, bai san kome ba."

Ni kuwa na fi kowa gyaɗa kai, don shekara bakwai na yi a Kumasi ina fataucin goro. Tun da na dawo ba wanda ke shan iska a dandali. Na ce musu harshen Tonawa, wato mutanen Kumasi, a bakina kamar ruwa yake.

Wajen azahar sai ga mota da gangunan kananzir. Direban ya sauko, baƙo ne, ashe Batone. Uban Tebur ko sannu bai ce masa ba, ya miƙa hannun hagu ya ce, "Takarda." Direba ya dubi hannun, ya mayar da takardarsa aljihu, ya koma ya tsaya jikin mota yana ta faɗa da harshensu. Aka gwada masa Turancin mako shida, ya ƙi ci. Ya ma fara laluben makulli zai juya da kayan.

Maƙwabcina Tanko ya ɗaga murya: "Ku kwantar da hankalinku, ga mutumin Kumasi nan." Ya tura ni gaba.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Gaskiyar magana, shekara bakwai ɗin nan a Zango na yi su, unguwar Hausawa. Tuwo na ci, a masallacinmu na yi salla, da Zazzagawa na yi hira. Abin da na tsinta a harshen mutane biyu ne: "nawa ne" da "ya yi tsada". Na matsa na sake masa duka biyun. Direba ya yi mini kallon da ake wa mai taɓin hankali.

"Me ya ce?" in ji Tanko.

"Irin nasu na ƙauye yake yi," na ce.

Sai ga Mairo, matata, ta baro kaskon ƙosanta da ƙwaryar ruwa a hannu. Ta miƙa wa direban da hannu biyu, ta jawo masa kujera, ta yi masa magana tiryan-tiryan. Mutumin nan ya zauna, ya sha, har da dariya. Ashe duk shekarun da nake kwance a Zango ina ba da labarin duniya, ita tana bakin kasuwa cikin matan Tonawa, tana zuwa sunansu da makokinsu.

Ta juyo ta ce, "Malam, cewa ya yi a garinsu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya zauna ya sha ruwa. Ya ce ya ji labari mu ma haka muke."

Babbanmu ya ƙetare teku ya yar da gaisuwar gida a can, ni na je Kumasi ban ɗauko kome ba. Aka sauke ganguna, kowa ya samu rabin kwalba. Sauran an adana mana su a gidan Uban Tebur, don kada mu yi ɓarna.

Jiya aka aiko mini da takarda. An yaba wa Rankashidaɗe bisa iya hulɗa da baƙi, ni kuma an naɗa ni tafinta, don wai ba a san mace da wannan aiki ba. Na karɓa da hannun dama. Sai dai Mairo na shirin zuwa ganin gida Likoro, kwana goma, an kuma ce motar na nan dawowa jibi. Tun safe nake ɗaura mata itace ina roƙonta ta ɗaga tafiyar.