Kuɗin Sabuwar Hanya

"Lafiya ƙalau, ya gajiya, ya marasa lafiyarku, ina katin?"

Da numfashi ɗaya tsohon ya haɗa gaisuwar da tambayar, jikarsa kuwa ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Ta jingina da ƙofar falo, rigar aikin asibiti a jikinta, jaka a kafaɗa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Haka ake tarbar uwargida? Tun asuba nake tsaye, ko ruwa ba a miƙo mini ba."

"Ruwa yana cikin firji, ƙafarki kuma ƙalau take. Ina katin?"

Kakan nata tsohon direban tirela ne. A kan titi ya yi ƙuruciya, a kan titi furfura ta same shi, har gwiwa ta fara ƙi, likita ya ce idon ma ba na tuƙin dare ba ne, 'ya'yansa suka taru suka karɓe makulli. Ya daɗe bayan nan yana zaune a kujera yana neman faɗa da duk wanda ya gifta. Jikar ce ta kawo masa wasan tuƙin manyan motoci, ta haɗa kwamfuta da talabijin, ta ɗaure masa sitiyarin roba a gefen teburi, ta ajiye feda a ƙasa. Ranar farko ya ce abin yara ne. Ba a jima ba sai ga shi ana kiransa cin abinci yana cewa a dakata, yana ɗauke da kayan mutane. Tun daga nan take kiransa Direban Falo, shi kuma yana kiranta Mai Allura.

To, kamfanin da ya yi wasan ya fitar da ƙari: sabuwar hanya ta kan duwatsu, wadda ba ta buɗewa sai an biya daban. Tsohon ya kalli tallar har ya haddace kiɗan. Da safe ya damƙa mata kuɗi, ya ce idan ta tashi aiki ta biya shagon kayan wasa ta sayo katin da ake buɗe ƙarin da shi.

Ta zuge jaka, ta zaro kuɗinsa kamar yadda ya ba ta, ta ajiye kusa da sitiyarin. Ta ce ta je shagon, ta ga farashi, ta yi musu sallama. Kuɗin ƙarin ya kusa kai kuɗin wasan gaba ɗaya, alhali wasan cike yake da garuruwa da tashoshin jiragen ruwa da masana'antu, wannan kuwa hanya ce guda da 'yan ƙauyuka a gefenta. Mai shagon da kansa ya rage murya ya ce mata in za ta jira ƙarshen wata, za a yi ragi.

Tsohon ya dubi kuɗin kamar an dawo masa da abin da ya riga ya zubar.

"Na aike ki sayayya ko na aike ki neman shawara?"

"Kai da kake sa mai albasa kuka a kasuwa, yau kai ne za ka biya babu tayi?"

"Albasa da kanta take fitowa a ƙasa. Hanya kuwa yin ta ake. Kin taɓa ganin yadda ake fasa dutse a shimfiɗa kwalta?"

"Wane dutse? Wani ne zaune a ofis da kofin shayi yana latse-latse."

"Ke ma tsira allura kawai kike yi a biya ki albashi. Ko sauro yana yin aikinki, kuma kyauta."

Ta dafe ƙirji ta ce yau an ci mutuncin aikinta a gidan ubanta, kuma za ta tuna da wannan magana ranar da gwiwarsa ta sake kumbura. Shi kuwa ya gyara zama, ya shiga yi mata bayani da hannu biyu. Ya ce ta kalli tallar da kyau: kowace kwana sai da wani ya zauna ya auna ta, ruwan da ke sauka a gilashi wani ne ya zana shi, kukan injin idan ya ɗauki hawa da kaya ma sai da aka je aka naɗo shi daga motar gaske. Mutanen nan suna da iyali, ba iska suke ci ba. Ta ce ta yarda suna da iyali, amma ba a ce shi kaɗai zai ciyar da su ba. Ita a ganinta hanyar tun farko tana cikin wasan, yanke ta aka yi aka ɓoye don a sake sayar wa irinsa.

"Kamar tela ne ya ɗinka maka riga, ya riƙe hannu ɗaya, ya ce sai ka ƙara kuɗi."

"Wannan ba hannun riga ba ne. Wando ne."

"Ashe ka daɗe kana yawo babu wando, ba ka sani ba."

Tsohon ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa ta hanci. Ya ce yarinyar da ya goya tana tsiyayar majina ce yau take ƙididdige masa sutura. Ta ce ai goyon ma bai iya ba, mahaifiyarta ta ba ta labarin yadda ya taɓa manta ta a gareji a cikin tsohuwar taya. Ya ce da ya san abin da za ta zama, da ya bar ta a can an sayar da tayar tare da ita.

Ganin ba zai sauka ba, sai ta kawo sharaɗi. Akwai wani lungu a wasan, bayan wani sito, inda ake shigar da tirela da baya tsakanin bango da turken fitila. Ta ce in ya shigar a tashi ɗaya bai taɓa komai ba, za ta koma shagon yanzun nan. In ya taɓa, sai ƙarshen wata.

Ya ce a kawo masa takalminsa, shi ba ya taka feda da silifa. Ta kawo, ta durƙusa ta ɗaura masa tana cewa ga miji ga wahala. Ya ɗora tabarau, ya tofa a tafin hannu, ya tayar da mota. Falon ya cika da gurnanin inji. Ya sa ribas, idonsa a madubin gefe, harshensa a kusurwar baki, tirelar ta fara lanƙwasa a hankali tana shiga lungun kamar an shafa mata mai. Mai Allura ta tsaya a bayan kujera tana tari da gangan, tana cewa ga akuya nan, ga ɗan sanda can, bai ko kula ta ba. Saura kaɗan bayan motar ya zauna daram, sai wayarsa ta yi ƙara a kan teburi. Ya waiga, sitiyari ya kuɓuce, turken fitila ya kwanta.

Ta daka tsalle tana tafi, tana zagaya kujerar. Shi ko kallonta bai yi ba, ya ɗauki wayar ya buɗe murya don kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.

Dogo ne, bakanikensa. Tare suka yi yawon duniya a gaban mota ɗaya, wannan yana tuƙi, wancan yana sauraren inji. Yanzu Dogo yana wata ƙasa mai nisa a gidan 'yarsa, kuma tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta yi masa nauyi, sai ya wuni bai ce wa kowa uffan ba. Wasan nan ne ya sake haɗa su, domin ana iya shiga ta intanet a yi ayari, kowa da motarsa. Da hannu ɗaya Dogo yake tuƙi. Sai dai ayari ba ya yiwuwa a kan hanyar da mutum ɗaya ne kawai ya saya.

Muryar ta fito a hankali, kalma tana jiran kalma.

"Direba... ina gidan mai. Gindin dutse. Ban hau ba."

Tsohon ya tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun safe. 'Yarsa ta saya masa ƙarin jiya, ya kawo mota bakin hanyar ya kashe inji, ya ce shi bai taɓa hawa dutse babu direbansa a gaba ba, ba kuma yau zai fara ba. Tsohon ya ce masa ya ƙara haƙuri, an ɗan sami matsalar taya a nan, wataƙila sai ƙarshen wata.

Mai Allura ta daina tafi. Ta zauna a hannun kujera, ta ciro wayarta, ta shiga shagon wasan ta intanet, ta biya da katin bankinta. Sannan ta sunkuyo kusa da wayar kakan ta gaishe da Dogo, ta ce masa ya tayar da inji, ita ta gyara tayar.

"Kada ka ɗauka na yarda ya kai kuɗinsa," ta ce wa tsohon. "Don Baba Dogo na saya. Da don kai ne, da sai ƙarshen shekara za ka gani."

"Allah ya yi miki albarka, marowaciya."

Lokacin da ƙarin yake sauka, tsohon ya kasa zama. Ya tashi, ya goge gilashin talabijin da hannun riga, ya zauna, ya sake tashi ya rufe labule don kada haske ya hana shi ganin kwana. Yana ta tsawata wa layin da ke rarrafe a allo ya ƙara giya. Ita kuwa tana cewa ya kwantar da hankali kada jininsa ya hau, ba ta zo da abin awo ba. Da ya kammala, taswira ta buɗe, ga sabuwar hanya ta miƙe ta nannaɗe dutse kamar igiya. Tsohon ya yi wata sowa da ta fito da surukarsa daga kicin da ludayi a hannu, ta leƙo, ta girgiza kai ta koma.

Ya ce kafin komai sai ya ɗauki motar nan ta cikin talla, tsohuwar mai dogon hanci, ja, irin wadda ya fara tuƙi yana saurayi. Ya shiga garejin wasan. Ga ta nan tana ƙyalli. Ya latsa. Sai hoton kwaɗon kulle ya fito a kanta, da farashi a ƙasa. Ya sake latsawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce Mai Allura ta karanta masa, wataƙila idonsa ne. Ta karanta: motar ba ta cikin ƙarin, ana sayar da ita daban.

Abin da ya fito daga bakin tsohon ba zai rubutu duka ba. Ya ce ya ga 'yan tare hanya iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin waɗanda suke tare mutum a cikin falonsa ba. Don me za su sa motar a talla tana hawa dutsen in ba tare suke ba? Ya ce a nemo masa lambar mai kamfanin.

"A'a, Direba, ka yi musu adalci," ta ce, tana danne dariya. "Ka dubi fentin nan. Wani ne ya zauna ya shafa shi. Ka dubi kusoshin taya. Yana da iyali."

"Iyalinsa su ci fentin."

"In kira mai shagon? Ya ce ƙarshen wata..."

"Motar za ta jira ƙarshen wata. Ta jira ƙarshen duniya ma."

Daga cikin wayar sai ga odar mota, doguwa, sau biyu. Dogo ya gaji da jira. Tsohon ya bar mai dogon hanci a garejinta, ya ɗauki motarsa ta kullum, ya ɗaura tirela cike da katako, ya nufi gindin dutsen. Yana karyo kwanar gidan mai ya hango wata shuɗiyar mota a gefe, fitilunta suna ƙiftawa. Ya danna oda, aka amsa masa. Ya wuce gaba, shuɗiyar ta biyo baya.

Hanyar ta wuce abin da talla ta nuna. Kwana bayan kwana, rami a dama wanda ba a ganin ƙarshensa, gada siririya da ke girgiza a ƙarƙashin taya, can sama kuma dusar ƙanƙara ta fara manne wa gilashi. Tsohon yana rage giya yana magana da motar, yana lallashinta, yana faɗa wa Dogo ya kula da kwanar gaba tana da ciki. Dogo yana amsawa, kuma amsoshin suna ta ƙara tsawo, har ya ce injin direba yana tari, da shi ne da ya duba matatar mai. Mai Allura da ta zo yin dariya ta tsinci kanta riƙe da bayan kujera da hannu biyu, tana karkata jiki duk inda motar ta karkata, tana roƙon a taka birki.

Suka isa ƙololuwa, suka jera motocin a wani fili. Gajimare yana ƙasa da su. Tsohon ya ja birkin hannu, ya jingina da baya, gumi a goshinsa, ya ce to, ta faɗi gaskiya. Ta ce hanyar ta yi kyau, ba za ta yi ƙarya ba, amma da motar tana ciki da ta fi yarda. Ya yi dariya, ya ce a wannan ta ci shi: hanya halas, mota fashi.

Sai ya dafa teburi ya miƙe, ya nuna mata kujerar.

"Zauna. Ke za ki sauko da mu. Ban taɓa ba wani sitiyarina ba."

"Ko ni... bai taɓa ba ni ba," in ji Dogo.

Ta cire jakar da ke kafaɗarta tun shigowarta, ta zauna, ta riƙe sitiyari kamar mai riƙe jariri. Ta saki birki, ta sa giya, ta taka. Motar ta yi gurnani, ta ja da baya da katakonta, ta daki shuɗiyar motar a hanci. Daga wayar wata irin dariya ta ɓarke, mai kaushi, mai haɗe da tari, wadda tsohon ya daɗe bai ji ba. Ya sunkuya kan wayar yana share hawaye.

"Dogo, ba ta hanya ta wuce. Uwargida ce."