Yadda Za Ka Yi Dogon Gudu a Maiduguri Ba Tare da Ka Gaji Ba

Na yi karatu a ƙasar da mutum ke tashi da safe ya yi ta gudu alhali ba abin da ya biyo shi. Na dawo da takardar shaida da agogon da ke auna bugun zuciya. Idan ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka gaji ba, jiki da zuciya.

Na gwada su a kan Nasidi, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ranar da wani kamfanin gadi ya sa masu neman aiki tsere daga Umarari zuwa wani fili a bayan Abbaganaram. Waɗanda suka riga isa su za a ba kaki. Nasidi ya daɗe da gama makaranta, yana zaune a shagon wansa yana korar ƙuda. Yana son kakin nan.

1. Sanar da unguwa tukuna

A garin nan ba a gudu a banza. Kowa ya san dalili. Idan ka fita a guje ba sanarwa, kafin ka kai bakin layi mai shayi ya bar tukunyarsa, mata sun goya yara, kowa na bayanka. Ranar da na fara horar da Nasidi, da muka waiwaya rabin layinsu na biye da mu, har da wata tsohuwa janye da akuyarta. Na ce mata motsa jiki muke yi. Ta tambaye ni ko abin da aka tura ni in koyo ke nan.

Je wurin Bulama, mai unguwa. Gaya masa lafiya lau, gudun ganin dama ne.

2. Sa dogon wando

Gajeren wando zai kai labarinka gida kafin ka kai. Inna Yagana, mahaifiyar Nasidi, ta turara masa riga da turaren wuta, wai ko bai ci ba kada ya isa gaban mutane yana warin gumi. Ban hana ba. Ilimi bai ce komai a kan turare ba.

3. Yaudari ƙafarka

Ƙafa za ta ce ta gaji. Kada ka yi musu da ita, yaudararta za ka yi. Ce mata iyakarku bishiyar dogon yaron can. Idan kun kai, nuna mata ta gaba. Garin cike yake da dogon yaro, ƙafa kuwa ba ta da ƙwaƙwalwa.

Kada ka haɗa ido da mai keken haya, mai ƙafa ukun nan. Yana gane mai haki daga nesa. Zai rage gudu, ya bi gefenka a hankali, ya nuna maka kujerar baya da inuwarta. Mutane da yawa a nan suka ƙare. Ni a keke na bi Nasidi, amma mai koyarwa daban ne.

4. Nemi wanda zai ba ka haushi

Gajiyar zuciya ta fi ta jiki. Maganinta haushi. Nasidi ya yi sa'a, Daniel na cikin tseren, abokinsa tun firamare, ɗan Ajilari mai dogayen ƙafafu. Ya matso, ya shaƙi ƙamshin rigar, ya ce, "Ango, ina ne ɗaurin auren? A ajiye mini shinkafa."

Nasidi ya ƙara wuta. Ya wuce shi, ya wuce na gabansa. Da suka shiga Abbaganaram shi ne kan gaba.

5. Idan ka ga dattijo, ga hutunka

A littattafan da na karanta babu babin dattijo. Wannan nawa ne.

Ba Tahir, aminin marigayi kakan Nasidi, yana zaune a tabarma a ƙofar gidansa. Nasidi ya ɗaga hannu daga nesa, da fatan hakan ya wadatar. Tsohon ya kira shi da sunan kakansa. Shi ke nan. Nasidi ya tsaya, ya kwance igiyar takalmi, ya tsuguna.

Aka fara da wushe, sannun Barebari. Aka gai da Yagana, da wansa, da shago, da zafi, da mutanen Umarari gida-gida. Da aka kai ƙarshe aka koma farko, don a tabbatar ba wanda ya kamu da ciwo a tsakani. Daniel ya zo, ya rusuna a guje, ya wuce. Ba wanda ya san kakan Daniel a unguwar.

Lura da amfanin tsuguno: yana miƙe cinya. Ni na sauke labulen keke, don tsohon ya san kakana ni ma.

6. Kada ka zare hannunka

Nasidi ya yi ƙarfin hali ya ce, "Kaka, a yi mini afuwa, aiki ake ɗauka, sauri nake."

Ba Tahir ya ce, "Aiki? To bari in taka maka. Jikan Mikail ba ya barin ƙofata ba rakiya."

Ya miƙe, ya bar sandarsa a tabarma, ya kama hannun Nasidi. Dattijo idan ya kama hannunka, shi ke saki. Ba ka jan sa, ba ka shiga gabansa. Suka tafi a takunsa. Ya nuna wa Nasidi inda kakansa ya taɓa faɗowa daga jaki. Ya tsaya ya gabatar da shi ga wani tela. Masu tsere na wucewa ɗaya bayan ɗaya, har da wani mai tumbi da muka bari tun Umarari yana amai.

Na duba Nasidi. Ba haki, gumi ya bushe. Mataki na aiki.

7. Mayar da abin da ka ɗauko

Da fili ya bayyana, Ba Tahir ya tsaya, ya yi addu'a mai tsawo, ya saki hannun. Daga nan ana hango teburin kamfani, da sauran kaki a kai, ba yawa. Gudu kaɗan ya rage.

Tsohon ya juya zai koma. Rana ta take, ba sanda, ba inuwa. Ya yi taku biyu ya dafa bango. Na leƙo na ce a sa shi a keke. Ya ce bai taɓa hawa abu mai ƙafa uku ba, ba kuma yau zai fara ba. Na ce wa Nasidi ya ruga, bango zai riƙe tsohon.

Nasidi ya dubi teburin. Ya dubi tsohon. Ya je ya kama hannunsa.

A ƙofar gida Ba Tahir ya sha ruwa, ya huta, ya ce ai ba za a ce yaro ya kawo shi gida ya tafi ba rakiya ba. Ya sake miƙewa.

Na bar su a zagaye na gaba, don mai keken yana da wasu fasinjoji. Ba wanda ya ci zango kamar Nasidi a ranar, kuma shi kaɗai ne bai yi haki ba. Daniel na tsaye yanzu a ƙofar wani otal cikin kaki. Ba Tahir ya aiko cewa gwiwarsa ta yi sauƙi, a riƙa turo masa yaron kowace safiya. Inna Yagana ta amsa da to.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aiki, ko ya sami kaka, shi ya sani. Ba ni na tsara hanyar ba, ba ni na haifi kakan kowa ba. Mai ƙorafi kada ya zo gidanmu. Idan ya zo, zai sha ruwa, amma ba na rakiya.